Babi na Huɗu: Nawa Ne Kuɗin Kwabon Kaka?

Duk wanda aka san shi da tara tsofaffin kuɗi ba ya rabuwa da tambaya guda. Ko a wajen ɗaurin aure, ko bayan an sallame sallar Juma'a, sai wani ya ja ka gefe, ya kwance bakin ƙyalle, ya zube maka kwabbai biyu masu huji, da anini, da wani sule da ya yi baƙi ƙirin, ya ce, “Malam, a adakar kakarmu muka tsinto su. Nawa za su yi?” An yi mini wannan tambaya a Anka, an yi mini a Gummi, an yi mini a Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum. Sau da yawa kafin in buɗe baki mai tambayar ya riga ya ba kansa amsa, domin ya ji an ce akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen irinsu da miliyoyi.

Amsar gaskiya ba ta da daɗin ji da farko. Kwabo biyu za su fito daga gidan buga kuɗi ɗaya, a shekara ɗaya, amma ɗaya bai kai kuɗin kofin shayi ba, ɗayan kuma masu tarawa su yi ta rububinsa. Abin da ya raba su shi ne halin da jikinsu yake ciki. Karanta wannan hali da sanya masa mataki sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma ana koyonta kamar yadda ake koyon dillancin shanu.

Tsufa ba ya sayar da kuɗi

Mu fara da kawar da babban ruɗu. Akwai wata babbar azurfa da kakanninmu ke kira liyari, mai hoton wata mace cikakkiya a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Fatake ne suka riƙa shigo da ita ta hamada tun kafin zuwan Turawan mulki. A 1851, da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano, ya tarar ana canza dalar azurfa irinta ɗaya a kan wuri 2,500. Wanda duk ya tsinci liyari a gidansu yakan ga an rubuta 1780 a jikinta, sai zuciyarsa ta buga, ya ce ai wannan ta girmi jihadin Shehu. To, 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce. Da 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka suka ƙi karɓar wata azurfa in ba mai wannan fuska ba, sai aka ci gaba da buga ta da shekarar nan ba canji. An buga ta a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Bombai, har adadinta ya haura miliyan 300, kuma har yanzu Ostiriya na buga ta. Liyarin da ke hannunka tana iya zama sa'ar kakan kakanka, tana kuma iya zama ƙanwar mahaifinka.

Haka labarin kwabon 1936. Sarki Edward na Takwas bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus, kuma a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba. Amma a nan Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari da anini masu sunansa, ba hoto. Labari ne mai daɗin bayarwa, shi ya sa masu neman damfara ke sonsa. Sai dai an buga su miliyoyi, kuma mutane da yawa sun ɓoye su tun suna sababbi. Wanda ya sha hannu a cikinsu ba shi da wata tsada.

Sikeli da ido

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san cinikin ƙarfe mai daraja fiye da yawancin 'yan Najeriya. Mai sayen zinare a Bagega ba ruwansa da kyan siffar abin da aka kawo masa. Zai ɗora a sikeli, ya duba tsabtarsa, ya faɗi kuɗi. Maƙerin farfaru ma haka yake kallon liyari: giram 28 ce da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin 100 nata azurfa ne, in ya narka ta za ta ba shi zobba kaza. Wannan farashin ƙarfe ne, kuma shi ne ƙasan da tsabar azurfa ba ta faɗuwa ta wuce shi.

Mai tarawa kuwa abin da yake biya shi ne aikin da ya rage a saman ƙarfen. Nan ya fi kama da mai sayen sa, wanda zai buɗe baki ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja dabbar ta taka ya ga tafiyarta. Fataken da ma sun yi irin wannan duba. A kasuwannin Larabawa da na Habasha an san 'yan kasuwa da ƙirga 'yan duwatsun da ke jikin maɗaurin mayafin sarauniya a kafaɗarta. In sun shafe, sai a ƙi karɓar liyarin ko a rage mata daraja, don alama ce ta cewa hannu ya ci azurfar. Ashe abin da littattafan Turawa suka tsara da lambobi, ɗan kasuwa ya daɗe yana yi da babban yatsa.

Fara sanin me ke hannunka

Ba a sa wa tsaba mataki sai an san yadda take tun tana sabuwa. A taƙaice, kuɗin da aka fi tsinta a gidajenmu zubi uku ne.

Na farko na zamanin Turawa, masu rubutun Afirka ta Yamma ta Ingila. Masu huji sun fara fitowa a 1907, shekara 4 bayan faɗuwar Sakkwato, da kambin sarauta a saman hujin, da rubutun Larabci a ƙasansa, da tauraro mai tsini 6 a baya. Aninin farko na gorar ruwa ne, mara nauyi, kafin a koma farin ƙarfe. Taro da sisi da sule da fataka sun biyo baya daga 1913, bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Da azurfa aka fara buga su, a 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ka sa gilashi ka nemi wasu 'yan mitsi-mitsin haruffa: H na nufin gidan buga kuɗi na Heaton a Bamingam, KN na nufin na King's Norton. Wani lokaci harafin nan kaɗai ke raba na banza da na nema.

Na biyu na 1959, da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki: kwabo da ɗari na jan ƙarfe masu huji, taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Na uku na naira da kwabo, daga 1 ga Janairu 1973, ciki har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa, da kwandalar naira ɗaya ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay.

Inda suɗewa ke farawa

Ka dubi tayar babur ɗin ɗan acaba. Ba ko'ina take suɗewa lokaci guda ba. Tsakiyar da ke taɓa ƙasa ita ke fara laushi, zanen gefe kuwa yana nan daram har tayar ta mutu. Tsabar kuɗi ma haka take. Wurin da ya fi tudu shi yatsa ke fara shafa, shi ke gogar ɗan'uwansa a aljihu, shi ke taɓa faifan mai goro. Duk sirrin sana'ar yana nan: ka san tuddan kowace tsaba, ka fara duba su kafin komai.

Ɗauki sulen Sarki Joji na Biyar. Sarkin na sanye da kambi, yana da gemu. Fara da ɗamarar kambin, inda aka jera 'yan duwatsu. A sabon sule kowane dutse a ware yake, kana iya ƙirga su. Da ya ɗan yi yawo, sai kawunansu su baje, kamar ƙwayar gero da aka danne da farce. In yawon ya yi nisa sai su haɗe su zama layi ɗaya, daga nan ɗamarar kanta ta narke cikin kan sarki. Bayan kambi sai gashin baki da gemu, sai kunne. Juya bayan sulen, akwai itacen kwakwar manja. Dubi tsakiyar ganyayen inda suka taru, da ɓawon kututturen. A mai kyau kowane zare na ganye yana tsaye da kansa. A wanda ya gaji, itacen ya zama kamar inuwarsa da daddare.

Kwabo mai huji ya fi wuyar karantawa ga sabon shiga, saboda babu fuska a jikinsa, kuma farin ƙarfen nan yana da taurin kai. Nan ma kambi ne mafarin duba, sai adon da ke kewaye da hujin, sai wuraren da layukan tauraro suka haye juna. Ni kuma nakan tsaya a kan rubutun Larabcin, domin idon wanda ya yi makarantar allo ya fi saurin gane ɗigon da ya fara shafewa fiye da harafin boko da ya yi laushi. Wannan wata dama ce da muke da ita wadda mai tarawa a Landan ba shi da ita.

A liyari kuwa, bi sawun fatake: maɗaurin kafaɗa, adon goshi, kumatu, da garkuwar da ke ƙirjin tsuntsu. Kada ka manta da gefenta, domin akwai rubutu mai tudu da ya zagaye shi.

Akwai tarko ɗaya a nan. Wani lokaci tsaba kan fito daga gidan bugu da zane mara kaifi, saboda tambarin ya tsufa ko bugun bai yi ƙarfi ba. Wannan ba suɗewa ba ce. Yadda za ka bambance: wurin da hannu ya ci yakan canza launi ya dushe, ya fita daban da kewayensa, amma wurin da bugu bai kama ba launinsa da sheƙinsa ɗaya ne da sauran jikin.

Tsani mai hawa 70

Turawan Ingila da kalmomi suke sa mataki. Amurkawa kuma lambobi suke bi, daga 1 zuwa 70, tsarin da wani likita mai suna William Sheldon ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban ƙasarsu. Daga baya ya bazu ga kowace irin tsaba, musamman bayan da aka kafa kamfanonin tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987, waɗanda ke duba tsaba su rufe ta a gidan roba mai tauri da lambarta a rubuce. Kada yawan lambobin ya tsorata ka, ba duka ake amfani da su ba.

Daga 1 zuwa 3, tsabar ta zama kamar dutsen rafi, da ƙyar ake gane ko mene ce. Daga 4 zuwa 10, ana karanta shekara da yawancin rubutu, amma hoton ya zama shafaffe, sai siffarsa ta waje. A 12 da 15, kusan rabin ƙananan zane ya dawo, kambi ya fara rabuwa da kai. Daga 20 zuwa 35 shi ne wanda za ka ga an rubuta masa VF: ya yi yawo sosai, tuddai sun baje, amma duk manyan zane a fili suke. A 40 da 45, suɗewar ta tsaya a kan tuddai kawai, kuma akwai ragowar sheƙi a lungunan haruffa. Daga 50 zuwa 58, sai ka karkata ta a haske kafin ka ga ɗan wurin da hannu ya taɓa. Daga 60 zuwa sama, wanda ake sa wa MS, ba ta taɓa shiga kasuwa ba ko sau ɗaya. A can abin da ake ƙirgawa shi ne tabon da ta samu wajen karo da 'yan'uwanta a buhun banki, da kaifin bugu, da kyan gani.

A abin da ya ratsa ta hannuna daga gidajen yammacin Zamfara, mafi yawa tsakanin 8 ne da 30. Ba abin mamaki ba ne. Kuɗin nan sun biya haraji da jangali, sun sayi auduga da gyaɗa, sun kwana a ƙugun mata da aljihun 'yan ci-rani. Ba don ajiya aka kawo su ba. Kuma farashi ba ya hawa tsanin nan daidai da lamba. A ƙasa tazarar kaɗan ce, can sama kuwa hawa ɗaya na iya ninka kuɗi.

Sheƙin da ba ya dawowa

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin nan aka fi tafka asara, kuma da kyakkyawar niyya ake tafka ta.

Lokacin da tambari ya danne ƙarfe da ƙarfi, ƙarfen kan malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Su ne ke sa in ka juya sabuwar tsaba a ƙarƙashin fitila ka ga haske yana zagaya ta kamar wayoyin ƙafar keke. Wannan sheƙi sau ɗaya ake yin sa, ranar bugu. In ya tafi, babu mai mayar da shi.

Ina saurayi wata gwaggona ta ba ni fataka ta azurfa mai kwakwar manja, wadda ta yi duhu-duhu amma kowane dutse na kambinta yana ƙirguwa. Na ga kamar ta yi datti. Na samo toka da lemon tsami, na zauna na dirje ta kamar yadda ake wa tasa, har ta yi fari fat. Da na kai wa wani dattijo da ya san harkar, ya karkata ta a rana, ya nuna mini dubban 'yan ƙarce-ƙarce da suka bi hanya guda kamar sharar tsintsiya a tsakar gida. Ya ce, “Yaro, abin da ka wanke shi ne kuɗin.” Tana nan wurina har yau, kuma darajarta ba ta wuce ta azurfar da ke jikinta ba.

Duhun da shekaru ke sa wa azurfa, da ruwan ƙasan da jan ƙarfe ke komawa, masu tarawa suna son su, don shaida ce cewa ba a taɓa fatar tsabar ba. Kamfanonin tantancewa ba sa ba tsabar da aka goge cikakkiyar lamba, sai dai su faɗi matakin zanenta su rubuta aibinta a gefe. Saboda haka kada toka, kada yashi, kada soson ƙarfe, kada man goge tagulla. Ruwan batir da zaibar masu wanke zinare kuwa, bayan lalata tsabar, guba ne. Ƙasar da ta binne yara wajen 400 a 2010 saboda gubar dalma, a Bagega da Abare da Dareta da 'Yargalma, ba ta buƙatar a ƙara shigar da wata guba cikin gida. Don haka ma nake hana yara sa tsohon kuɗi a baki, tunda akwai jabun da aka zuba da dalma.

Huji, walda da koren tsatsa

Suɗewa hanya ce da kowace tsaba ke bi. Rauni kuwa daban ne, kuma daban ake faɗarsa. Hujin kwabo da anini na asali ne, da shi aka buga su don a riƙa zura su a zare. Amma sule ko liyarin da aka huda don kitson matan Fulani, ko aka yi wa kunne da walda don a rataya a wuya, ta fita daga tsanin, komai kaifin zanenta. Haka wadda aka lanƙwasa, da wadda aka daki bakinta, da aninin da aka yi wa ƙusa matashi a rufin kwano. Waɗanda suka kwana a tukunya a ƙarƙashin ƙasa kuma sukan fito da koren tsatsa mai cin ƙarfe ya bar ramuka kamar zanzana.

Ba ina cewa a raina irin waɗannan ba. Liyarin da ta yi shekara 60 a gashin kakarka tana da wani matsayi da lamba ba ta aunawa, kuma ni da za a bi tawa, a bar ta a gidan. Amma in za ka sayar, faɗi aibin da bakinka kafin mai saye ya gano.

Yadda ido ke koyo

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki 5 ya isa, wanda ya fi haka sai ya mayar da ƙaramin tabo ya zama rami. Fitila guda ɗaya a ɗaki mai ɗan duhu ta fi hasken rana tsaka. Shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ka riƙe tsabar ta gefe da yatsa biyu, domin zufar yatsa na barin tambari a jan ƙarfe wanda ba ya fita. Fara kallo da ido zalla, ka juya ta a hankali, ka yanke hukunci a zuciyarka, sannan ka ɗauki gilashi ka ga ko zai ƙaryata ka. In fuska ta fi baya kyau, mai raunin ne ke jan matakin ƙasa.

Hanyar da ta fi koya mini ita ce mafi araha. Ka tara iri ɗaya guda 20, misali kwabo 10 na 1973 mai itacen kwakwa, wanda har yanzu ba ya wuyar samu a gidaje. Jera su daga mafi suɗewa zuwa mafi kaifi. Rubuta lambar da ka ba kowanne a takarda, ka ɓoye takardar, ka cakuɗa su. Bayan mako guda ka sake jerawa, ka kwatanta. Ranar da jerinka na yau ya yi daidai da na makon jiya, idonka ya fara zama. Daga nan ka gwada shi da hotunan da kamfanonin tantancewa suka zuba a intanet, mataki-mataki. Ko a tsakanin ƙwararru akan sami saɓanin hawa ɗaya, don haka kada wannan ya dame ka. Abin da zai dame ka shi ne son kai, domin kowa yakan ga tsabarsa ta fi ta maƙwabci. In ka yi kokwanto tsakanin mataki biyu a kan abin da yake naka, ɗauki na ƙasa.

Ƙura da raɓa kuma su ne abokan gabar ajiya a ƙasarmu. Kowace tsaba a ba ta 'yar ambulan ta takarda ita kaɗai, a rubuta shekara da mataki da inda aka samo ta. A guji leda mai laushi, don takan yi zufa ta bar kore a jikin ƙarfe.

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan cewa abin da ke hannunka na gaske ne. To amma tun zamanin Turawa akwai maƙeran da suka iya zuba sule a ƙasa su fitar da ƙaninsa, kuma liyarin jabu tana yawo a kasuwanni har gobe. A babi na gaba za mu aro sikelin mai zinare, mu ɗauko maganaɗisu, mu kuma koyi sauraron ƙarar da azurfar gaske ke yi in an ɗora ta a kan yatsa an ƙwanƙwasa.